Gudun mil 100: Yadda ƙaramar gasa ke zama atisayen babba

A kowace shekara dubban masu gudun dogon zango a Amurka da Turai da Afirka ta Kudu kan biya kuɗi su shiga gasar kilomita 50, ko 80, ko ma 100, alhali ba su da niyyar cin kofi ko kafa wani tarihi a ranar.

Abin da ke gabansu shi ne wata gasar da ta fi wannan tsawo, wadda za ta zo bayan wasu makonni. Don haka suna ɗaukar ta farkon a matsayin atisaye.

Dabarar ta daɗe, kuma yawancin masu horas da 'yan tsere sun yarda da ita. Sai dai tana da haɗari. Gasar da aka shiga domin ƙarfafa jiki tana iya raunana shi, har mutum ya isa ranar da ya yi wata shida yana jira da gajiya ko da ciwo.

Abubuwa biyu ne ke raba riba da asara a nan: tazarar da aka bari tsakanin gasar biyu, da kuma yadda ɗan tsere ya iya kame kansa a ta farkon.

Wane irin gudu ne wannan?

Tsawon gudun famfalaki da aka saba gani a wasannin Olamfik kilomita 42.195 ne. Duk tseren ƙafa da ya zarce haka ana lissafa shi cikin rukunin dogon famfalaki.

Zangunan da aka fi yi su ne kilomita 50, da mil 50 wanda ya yi daidai da kilomita 80, da kilomita 100, sai kuma mil 100, wato kimanin kilomita 161.

Wasu daga cikin waɗannan gasa a kan kwalta ake yin su. Amma mafi yawansu a daji ake yi, a kan turbar ƙafa da ke ratsa duwatsu da kwazazzabai da koguna, inda mota ba ta shiga.

A irin wannan hanya tsawon tafiya kaɗai ba ya nuna wahalarta. Ana kuma lissafa jimillar mitocin da mutum zai hau, da waɗanda zai gangara. Kilomita 50 a kan tsauni na iya cin lokacin da ya ninka na kilomita 50 a fili.

A 2015 ne hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta amince da gudun daji a matsayin ɗaya daga cikin rassan wasanninta.

Gasar Western States

Misalin da ya fi fito da wannan al'ada fili shi ne na gasar Western States, wadda ake yi a jihar Kalifoniya ta Amurka a ƙarshen watan Yuni. Ita ce gasar mil 100 ta daji mafi daɗewa a duniya.

Asalinta tseren dawaki ne da ake kira Tevis Cup. A 1974 wani mahayi mai suna Gordy Ainsleigh ya bi hanyar dawakin da ƙafa, ya kammala cikin awa 23 da minti 42. A 1977 aka fara gasar 'yan ƙafa a hukumance, inda mutum 14 suka tashi, uku suka kai ƙarshe.

Ana tashi ne da ƙarfe 5 na asubahin Asabar daga Olympic Valley, a tsaunukan Sierra Nevada, a ƙare a filin wasa na wata makarantar sakandare da ke garin Auburn.

Tsakanin wuraren biyu ɗan tsere zai hau jimillar mita kusan 5,500, ya gangara kusan mita 7,000. Tun a 'yan kilomitocin farko zai kai wuri mafi tudu a hanyar, mai bisan sama da mita 2,600, inda a wasu shekarun akan tarar da dusar ƙanƙara. Da rana kuma zai faɗa kwazazzabai inda zafi kan haura digiri 38 a ma'aunin Salshiyas. A mil na 78 zai tsallaka kogin American River.

Wa'adin gasar awa 30 ne. Wanda ya kammala a ƙasa da awa 24 ana ba shi kan bel na azurfa, wanda ya kammala kafin cikar awa 30 kuma na tagulla.

Sharaɗi ne tun kafin ya zama zaɓi

Ba a shiga Western States kai tsaye. Dole ne mai nema ya fara kammala wata gasa daga jerin waɗanda masu shiryawa suka amince da su, mai tsawon kilomita 100 ko fiye, cikin lokacin da aka ƙayyade.

Bayan haka sai ya shiga ƙuri'ar da ake yi a farkon watan Disamba. Saboda wani sashe na hanyar ya ratsa dajin da dokar Amurka ta killace a 1984, an taƙaita yawan masu tashi zuwa kimanin 369 a shekara, yayin da masu nema suka haura 9,000 a ƙuri'ar shiga gasar 2024 da ta 2025.

Duk shekarar da mutum bai dace ba akan ninka masa tikitinsa a ƙuri'a ta gaba, muddin ya sake cika sharaɗin. Wasu kan yi shekaru da dama suna jira.

Haka abin yake a Turai. Gasar UTMB, wadda aka fara a 2003, tana zagaye tsaunin Mont Blanc ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan, tsawon sama da kilomita 170 da hawan kusan mita 10,000. Ita ma sai mutum ya kammala wasu gasa da suka gaza ta tsawo kafin ya samu damar shiga ƙuri'arta.

Wannan ne ya sa wanda ya samu gurbi ke kallon sa da muhimmanci. Idan ya ɓata shirinsa da gangancin kwana ɗaya a watan Afrilu, mai yiwuwa ne ya sake jiran shekaru kafin damar ta dawo.

Matakala daga Maris zuwa Yuni

A yankin Auburn akwai jerin gasa da 'yan tsere suka daɗe suna bi tamkar matakala.

A watan Maris akwai Way Too Cool mai kilomita 50, wadda ke bin wani ɓangare na turbar Western States. A farkon Afrilu akwai American River mai mil 50, wadda ke ƙarewa a Auburn. A ƙarshen Afrilu kuma akwai Canyons mai kilomita 100, kimanin mako tara kafin babbar gasar.

Sannan a ƙarshen watan Mayu, saura kimanin mako biyar, masu shirya Western States da kansu kan buɗe sansanin atisaye na kwana uku, inda ake bin mil 70 na ƙarshen hanyar kashi-kashi. Ba a ba da lambar yabo a sansanin.

Ba kowa ke yin duka huɗun ba. Yawanci mutum kan zaɓi ɗaya ko biyu. Amma tsarin kalandar ya nuna ƙa'idar da masu horaswa ke bi: tsawon zango yana ƙaruwa sannu a hankali, gwaji mafi tsanani yana zuwa wata biyu ko makamancin haka kafin ranar, daga nan kuma sai a fara sassautawa.

Me ya sa sai gasa?

Tambayar da akan yi ita ce, me zai hana mutum ya fita shi kaɗai ya yi kilomita 60 a daji ba tare da ya biya ko sisi ba?

Dalili na farko shi ne tsaro da sauƙi. A gasa an sa wa hanya alama, akwai zango bayan kowane 'yan kilomitoci inda ake samun ruwa da abinci, akwai ma'aikatan lafiya, akwai kuma masu bin sawun wanda bai iso ba. Mai gudu shi kaɗai sai ya goya duk ruwan da zai sha, kuma idan ya yi targaɗe a ƙasan kwazazzabo babu mai sanin halin da yake ciki.

Na biyu, akwai abubuwan da ba sa bayyana sai a ranar gasa: rashin barci a daren jajibiri, tashi tun kafin asuba, faɗuwar gaba a wurin tashi, cunkoso a kan siririyar turba, da ɓata lokaci a zango. Wanda ya taɓa ganin su a Afrilu ba za su ruɗa shi a Yuni ba.

Na uku, yawancin matsalolin da ke fitar da mutane daga gasar mil 100 ba sa soma nuna kansu sai bayan awa biyar ko shida ana tafiya. Atisayen awa uku na ƙarshen mako ba ya kai mutum wurin.

Cinya da gangara

Wanda bai san gudun tsauni ba zai zaci hawa ne ya fi wuya. Hawa na sa haki, amma gangara ce ke lalata ƙafa.

A lokacin gangara, tsokar gaban cinya tana aiki ne a matsayin birki. Tana miƙewa a daidai lokacin da take ɗauke da nauyin jiki, lamarin da ke haddasa 'yan ƙananan yagewa a cikin zaren tsokar. Shi ne ciwon da kan tsananta bayan kwana ɗaya ko biyu, har mutum ya kasa sauka daga bene.

Masana kimiyyar motsa jiki sun tabbatar da cewa idan tsoka ta sha irin wannan wahala sau ɗaya ta warke, to ɓarnar da za ta yi a karo na biyu ba ta kai ta farko ba, kuma wannan kariya tana ɗaukar makonni da dama.

A gasa irin Western States, wadda gangararta ta fi hawanta yawa, wannan na daga cikin manyan ribar gasar gwaji. Shi ya sa ake son a zaɓi wadda yanayin ƙasarta ya yi kama da na babbar. Kilomita 80 a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za su shirya cinya domin gangarar mita 7,000 ba.

Ciki

Sukarin da jiki ke adanawa a tsoka da hanta ba ya wuce na awa biyu ko makamancin haka idan ana gudu da ƙarfi. Mai tafiyar awa 20 ko 30 dole ne ya ci abinci yana cikin gudu.

Shawarar da masana abincin 'yan wasa ke bayarwa ita ce giram 60 zuwa 90 na sitaci da sukari a kowace awa. Faɗar hakan ta fi aikata shi sauƙi. Lokacin da ake gudu, musamman a cikin zafi, jini kan karkata zuwa ga tsoka da fata, sai narkewar abinci ta ragu.

Binciken da likita Martin Hoffman da abokan aikinsa suka gudanar a kan masu gudun mil 100, ciki har da na Western States, ya nuna cewa tashin zuciya da amai ne kan gaba a dalilan da waɗanda suka janye ke bayarwa.

Ana iya horas da ciki kamar yadda ake horas da ƙafa. A gasar gwaji ne mutum ke gano ko kayan zaƙin da ya saba sha za su ci gaba da shiga bayan awa takwas, ko kuwa sai ya koma ga dafaffen dankali da gishiri, da ayaba, da romo. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ƙa'idar 'yan tsere ke nan: ba a gwada sabon abinci, ko sabon takalmi, a ranar babbar gasa.

Ruwa, gishiri da ƙoda

An daɗe ana gargaɗi a kan ƙarancin ruwa a jiki. Amma a dogon gudu, shan ruwa fiye da kima ma yana kisa.

Idan mutum ya sha abin da ya zarce wanda yake fitarwa, gishirin sodiyam da ke jininsa kan tsinke. Alamun farko su ne ciwon kai da kumburin hannu da ruɗewa, idan abin ya tsananta kuma ƙwaƙwalwa ta kumbura. Farfesa Tim Noakes na Afirka ta Kudu na daga cikin waɗanda suka fara bayyana matsalar a tsakanin 'yan tsere a 1985.

Wani bincike da aka buga a 2005 a kan gudun famfalaki na Boston na 2002 ya gano cewa kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka auna jininsu bayan gasar suna da ƙarancin sodiyam. Shawarar da likitocin wannan fanni ke bayarwa ita ce mutum ya sha gwargwadon ƙishirwarsa.

Ƙoda ma tana cikin haɗari. Tsokar da ta lalace tana zubar da wasu sinadarai cikin jini, waɗanda idan suka yi yawa sukan cutar da ƙoda. Fitsari mai duhu kamar ruwan shayi bayan gasa alama ce ta a nemi likita ba tare da jinkiri ba.

Magungunan kashe zafin ciwo irin su ibuprofen suna ƙara wannan haɗari, abin da ya sa likitoci ke hana shan su a lokacin dogon gudu.

Gasar gwaji na bai wa mutum damar sanin yawan ruwan da jikinsa ke buƙata a awa ɗaya, a wurin da kuskure bai kai na mil 100 tsada ba.

Kaya da yanayi

Takalmin da ya yi daidai a kilomita 20 na iya matse yatsu a kilomita 70, domin ƙafa tana kumbura. Jakar baya na iya sale fata. Safa mai riƙe danshi na jawo bororo, wanda shi kaɗai ya isa ya tsayar da ƙaƙƙarfan mutum. Duk waɗannan sai an daɗe a hanya ake gane su.

Akwai kuma kayan da rai ya dogara a kansu. Ranar 22 ga watan Mayun 2021, mutum 172 suka tashi a wata gasar kilomita 100 a lardin Gansu na ƙasar Sin. Da rana yanayi ya juya a kan tsauni, aka yi ƙanƙara da ruwa mai sanyi da iska mai ƙarfi. Da yawansu gajeren wando da 'yar riga kawai suke sanye da su, domin ba a wajabta ɗaukar rigar sanyi ba.

Mutum 21 suka mutu, ciki har da Liang Jing, ɗaya daga cikin fitattun 'yan tseren ƙasar. Wani makiyayi ya ceci mutum shida ta hanyar shigar da su kogo ya hura musu wuta.

A UTMB wajibi ne kowa ya ɗauki rigar ruwa, da kayan ɗumi, da fitilun goshi, da usur, da bargon ceto, kuma ana bincika jaka. Masu horaswa kan shawarci ɗan tsere da ya goya cikakkun kayan babbar gasa a ta gwaji, ko da ba a nema ba, domin ya saba da nauyinsu ya kuma san inda ya ajiye kowanne.

Darasin Gansu shi ne tsauni bai san gasar atisaye ba. Kilomita 100 a daji na da haɗarinsu, ko wace irin niyya mutum ya shiga da ita.

Kwana nawa jiki ke buƙata?

Wani bincike da Guillaume Millet na Faransa ya jagoranta, wanda aka buga a 2011, ya auna 'yan tsere kafin UTMB da bayanta. An gano cewa ƙarfin tsokar cinya ya ragu da kimanin kashi 35 cikin 100 a ƙarshen gasar, kuma sai da aka yi kusan mako biyu kafin ya dawo yadda yake.

Ƙarfin tsoka ne kawai wannan. 'Yan tsere da dama na cewa gajiyar jiki gaba ɗaya, da rashin kuzari, da rikicewar barci, kan wuce haka.

Saboda haka lissafin yake zuwa kamar haka. Gasar kilomita 80 ko 100 da aka yi da ƙarfi tana iya cin mako biyu zuwa uku na murmurewa. Babbar gasa kuma tana buƙatar mako biyu zuwa uku na rage atisaye kafin ranarta. Idan tazarar da ke tsakaninsu mako biyar ce kacal, babu sauran lokacin horo a tsakiya.

Dalilin da ya sa ke nan yawancin masu horaswa ke son a bar mako shida zuwa goma tsakanin doguwar gasar gwaji da ta mil 100. Kilomita 50 da aka yi a hankali ana iya matso da su kusa kaɗan.

Akwai ma masu ganin cewa bai zama dole a shiga gasa ba. Su sun fi son doguwar tafiya kwana biyu a jere, misali awa biyar ranar Asabar da awa huɗu ranar Lahadi, domin mutum ya koyi gudu da gajiyayyun ƙafafu ba tare da ya illata su ba. Sansanin kwana uku na Western States a kan wannan tunani aka gina shi.

Kame kai

Mafi wuyar sharaɗi shi ne wanda ya shafi zuciya. Da zarar an liƙa wa mutum lamba a ƙirji, ya ga wanda ya saba wucewa ya sha gabansa, niyyar atisaye kan gushe.

Ƙa'idar da ake bi ita ce a yi gasar gwaji da saurin da za a yi babbar. Ga mafi yawan mutane wannan na nufin sassarfar da ba ta hana magana, da takawa a duk hawa mai tsayi, da saukowa gangara ba tare da sakin jiki ba.

Wasu kan ƙayyade wa kansu iyakar bugun zuciya a agogonsu. Wasu kan tsaya a bayan taro da gangan a wurin tashi. Wasu kuma kan yarda su ƙara wuta a kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarshe kawai, idan jiki ya ba da dama.

Ma'aunin nasara shi ne mutum ya tsallaka layi yana jin cewa zai iya ci gaba, kuma ya koma atisaye mai sauƙi cikin 'yan kwanaki. Wanda ya ƙare a kwance, ya yi mako uku bai taka ba, garin neman ƙiba ya samo rama.

Haka kuma janyewa daga gasar gwaji ba abin kunya ba ne. Ciwon gwiwa ko na agara da aka yi wa taurin kai a Afrilu na iya hana mutum tashi a Yuni.

Abin da ƙaramar gasa ba ta koyarwa

A Western States, garin Foresthill yana mil na 62, wato daidai kilomita 100. Wanda gasarsa mafi tsawo kilomita 100 ce, daga nan zai shiga abin da bai taɓa gani ba, da saura kilomita 60, kuma ga mafi yawan mutane cikin duhun dare. Daga wannan gari ne ake barin ɗan rakiya ya bi ɗan tsere.

Tarihin Jim Walmsley na Amurka ya nuna girman wannan giɓi. A farkon 2016 ya lashe gasar Bandera mai kilomita 100, ya kuma kafa tarihi a Lake Sonoma mai mil 50. A Western States ta shekarar, wadda ita ce mil 100 ta farko a gare shi, yana kan gaba da tazara mai yawa sai ya saki hanya a wajajen mil na 93, ya ƙare a matsayi na 20.

A 2017 ciwon ciki ya tilasta masa janyewa a mil na 78. Sai a 2018 ya yi nasara, sannan a 2019 ya kafa tarihin awa 14 da minti 9 da daƙiƙa 28.

Kilian Jornet na Sifaniya, wanda ya riga ya lashe UTMB sau biyu, ya sha wahalar zafi da ɗaurewar tsoka a zuwansa na farko a 2010, ya zo na uku. Ya dawo a 2011 ya lashe gasar.

Zafi na buƙatar shiri na musamman. Jiki kan saba da shi cikin mako ɗaya zuwa biyu na atisaye a wuri mai zafi, kuma gasar da aka yi cikin sanyin watan Maris ba ta samar da wannan sabo.

Waɗanda suka saɓa wa ƙa'ida

Akwai 'yan ƙalilan da jikinsu ke jure abin da na sauran mutane ba ya jurewa.

A 2023 Courtney Dauwalter ta Amurka ta lashe Western States cikin awa 15 da minti 29, wanda ya zama sabon tarihi a ɓangaren mata. Bayan mako uku ta lashe Hardrock mai mil 100 a tsaunukan Colorado, sannan a farkon Satumba ta lashe UTMB. Babu wanda ya taɓa haɗa ukun a shekara ɗaya kafin ita.

A Afirka ta Kudu, inda manyan gasa biyu na ƙasar a kan kwalta ake yin su, dubban mutane kan yi amfani da Two Oceans mai kilomita 56 a birnin Cape Town domin shirya wa Comrades, mai kusan kilomita 90 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, wadda aka fara tun 1921. Gerda Steyn ta lashe duka biyun a 2019, ta kuma maimaita a 2023.

Sai dai waɗannan ƙwararru ne da suka shafe shekaru suna tara ƙarfi, kuma gudu ne sana'arsu. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ke atisaye kafin wayewar gari ba su da lokacin hutun da ke sa irin wannan ya yiwu.

Masu tsere da agogo

Ga yawancin waɗanda ke tashi a Olympic Valley, abokin hamayyarsu shi ne wa'adin awa 30, da kuma ƙananan wa'adin da aka sa a kowane zango. Wanda bai bar zango a kan lokaci ba ana cire shi daga gasar.

A gare su gasar gwaji tana da ƙarin amfani guda. Tana nuna wa mutum ainihin saurinsa a kan duwatsu bayan awa goma, da yawan mintocin da yake zubarwa a zaune. Minti biyar a kowane zango, a gasar da ke da zango kusan 20, sun haura awa ɗaya da rabi.

Irin waɗannan mintoci kan yi tasiri. A 2015 Gunhild Swanson, mai shekara 70 a lokacin, ta shigo filin wasan Auburn jama'a na yi mata sowa, ta tsallaka layi cikin awa 29 da minti 59 da daƙiƙa 54, saura daƙiƙa shida a rufe gasar.